Gaisuwar Ɗan Sabo a Filin Jirgi

Goron da Baba ya ɗaura mini bai wuce filin jirgin Johannesburg ba. Wata ma'aikaciya ce ta buɗe jakata, ta ga ƙullin ganye, ta warware, ta tsaya tana kallon farin goro kamar ta tono kayan tsafi. Na tattaro duk Turancin da na koya na yi mata bayani, na ce na gaisuwa ne, mai masaukina zan kai wa. Ta ce wane ne mai masaukin? Sai a lokacin na tuna ba ni da shi. Ta ce ɗanyen abu irin wannan ba ya shiga ƙasarsu, ta jefa shi a wani farin bokiti, sannan ta yi mini murmushi ta ce barka da zuwa. Haka na shiga Afirka ta Kudu hannu Rabbana, ina ta ƙunƙuni da Yarabanci don kada ta ji.

Sunana Nasiru, amma idan ka shiga Sabo a Ibadan ka nemi Nasiru za a kawo maka mutum goma. Ka ce Kyaftin, kowa zai nuna maka rumfar goron Baba. Tun ina firamare aka laƙaba mini sunan, saboda ko ina tsakiyar cin abinci na ji ƙarar jirgi sai na saki kwano na fita kallo. Sunan tsokana ne, kuma na girma da shi har na kai shekara talatin ina sayar da kayan waya a Mokola. Mutum ɗaya ne bai taɓa kirana da shi ba, shi ne Baba. Ranar da ya amince in je in koyi tuƙin ƙaramin jirgi, sharaɗi ɗaya ya kafa mini.

"Kafin sabon goro ya shigo kasuwa ina son ka a gida. In ka zo da takarda, to, ka ci gaba da abinka. In ka zo babu, ga rumfa nan, kuma kada in ƙara jin maganar jirgi a gidana."

Na san abin da hakan ke nufi. In na koma babu lasisi, zan tsufa ina auna goro ana kirana Kyaftin ana dariya.

Baba yana da wata ɗabi'a da ke ƙona mini rai tun ina yaro. In muka je sarin goro a ƙauyukan Yarabawa, ba ya nufar mai kaya kai tsaye. Sai ya fara zagayawa baya wurin matan da ke ɓare goro suna wankewa, ya tsuguna ya yi musu e ku ishe, wato sannu da aiki, ya tambayi yara, ya tambayi ciwon ƙafar wannan da jikar waccan. Daga nan ya wuce wurin masu ɗauri. Ni kuwa ina tsaye a rana ina ƙirga mintoci. Sai mun kama hanya yake cewa masu wanki ne suka san kwandon da sankara ta ci daga ƙasa, mai kaya saman kawai zai nuna maka. To ni makarantata a waya na zaɓe ta. Na ga jirage tara a jere suna ƙyalli, ga ɗalibai cikin fararen riguna da igiyoyi a kafaɗa, nan take zuciyata ta tafi. Da na nuna wa Baba hotunan, bai ko sa tabarau ba.

"Wa ka sani a can? Wa zai sauke ka?"

"Baba, yanzu ai intanet ne."

"Shi Intanet ɗin ɗan gidan wa ne?"

Zangona na farko wani gari ne mai tafiyar awa uku a mota daga Johannesburg. Abin da ya fara karɓata shi ne sanyi. Ni da na ji an ce Afirka, riguna marasa nauyi na ɗebo, ashe lokacin da muke damina su suna tsakiyar hunturu. Na sauka daga mota haƙorana na kaɗawa, na tare wani mai tasi na tambaye shi ina unguwar Hausawa take a garin. Na rantse da gaske nake yi. Duk garin da na taɓa zuwa a rayuwata, daga Shagamu har Kotono, akwai Sabo ko Zango, akwai sarkin Hausawa, akwai mai shayi da zai ce maka ɗan wane gari ne kai. Mai tasi ya ce Hausa abinci ne ko coci? A nan na gane lallai na yi nisa da gida.

Makarantar kuwa ta fi hotonta kyau. Ofis da gilashi, ƙamshi na tashi, ga wani saurayi mai taye da ya rungume ni kamar tare muka tashi. Ya sa aka gwada mini farar riga, ya ɗauke ni hoto a gaban jirgi, na tura wa ƙanwata Rabi, kafin azahar hoton ya zagaye Sabo. Sai ya zaunar da ni ya ce akwai rangwame na musamman, amma sai in na zube kuɗin karatun gaba ɗaya kafin Juma'a. Ranar Litinin ce. Na ce masa an gama, banki kawai zan jira su saki.

Kullum da safe sai in bi ta bayan rumfar jirage don ita ce gajeriyar hanya daga ɗakina. A nan akwai wani dattijo baƙi, makanike, mai furfura a gemu, kullum kansa cikin inji. Wanda ya tashi a Sabo gaisuwa biyu yake gada, ta Hausawa da ta Yarabawa, kuma ba ya iya wuce mai aiki baki rufe, ƙafarsa ce ma ba za ta yarda ba. Ranar farko na tsaya na rusuna na ce masa sannu da aiki, an tashi lafiya, yaya sanyi, yaya iyali. Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa kamar wanda zai roƙe shi wani abu, ya mayar da kansa cikin inji. Na tafi ina cewa a raina wannan tsoho ba shi da tarbiyya. Rana ta biyu ya ɗaga mini sufana. Rana ta uku ya ajiye sufanar ya goge hannu.

"Me kake nema a wurina?"

"Ba komai, Baba. Gaisuwa ce."

"Shekara shida ina nan, ɗalibi bai taɓa tambayata iyalina ba."

Sunansa Jabu. Ina laluba aljihun jakata sai na ji goro guda ɗaya da ya ɓuya a kusurwa, ya fara yamushewa. Na ɓara na ba shi rabi. Ya gatsa, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya tofar, ya ce mutanen da ke ba baƙo wannan abin da sunan ƙauna lallai sai a ji tsoronsu. Muka yi dariya har ya riƙe ciki. Da dariyar ta lafa sai ya tambaye ni ko na riga na biya. Na ce sai jibi. Ya waiga hagu da dama, ya ce in biyo shi.

Ya kai ni wurin jiragen nan masu ƙyalli, har da wanda na yi hoto a gabansa. Ya kwance murfin hancin jirgin ya ɗaga. Babu inji a ciki, sai wayoyi na reto da sheƙar tsuntsu. Ya buɗe na biyu, shi ma haka. Ya ce cikin tara, biyu ne ke tashi, sauran ana goge su ne kawai saboda hoto. Ya nuna mini wasu samari da ke zaune a benci suna shan rana cikin fararen riguna, ya ce in je in tambaye su yaushe rabonsu da hawa sama. Na je na gaishe su. Ɗaya daga cikinsu, ɗan Tanzaniya, ya ce watansa biyar, sau huɗu ya tashi, kuma tunda ya zube kuɗinsa ba shi da wurin zuwa. Muryar Baba kawai nake ji tana tambayata ɗan gidan wa ne Intanet.

Ranar Asabar Jabu ya ɗauke ni a akori-kurarsa zuwa zango na biyu, wani ƙaramin fili a bayan gonakin masara inda yake aikin ƙarshen mako. Ofishin kwantena ce, jirage biyu ne tak, fentinsu ya koɗe kamar tsohuwar motar hayar unguwar Ojoo a Ibadan, ga wani kare kwance a ƙarƙashin fiffike. Mai makarantar wata Baturiya ce mai kimanin shekara sittin, Madam Rina, fatarta duk rana ta ƙone. Na fara jero mata gaisuwa, ta katse ni a ta biyu.

"Lafiya lau. Zauna."

Ta jibge mini littattafan gyaran jiragen a gabana ta ce in karanta, in ban gane ba in tambayi Jabu. Ta ce a wurinta ba a biya sai awar da aka tashi, babu farar riga, babu igiya a kafaɗa, in ina son hoto in ɗauka da kare. Ta ba ni lambobin ɗalibanta uku da suka gama, ta ce in kira su ba a gabanta ba. Sannan ta sa ni a jirgin muka tashi na rabin awa. Da muka daidaita a sama ta cire hannunta ta ce in riƙe. Ni Nasiru, ɗan mai goro, jirgi na bin hannuna, in na karkata ya karkata. Na fashe da dariya ni kaɗai kamar zautacce. Ta ce in rage baki in duba hancin jirgin, yana yin ƙasa.

Amma da na koma ɗaki sai shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa. Na kira Rabi na faɗa mata komai.

"Broda, abeg kada ka ba mu kunya o," in ji ta. "Hoton nan har Iya mai amala ta liƙa a shagonta. Yanzu ka ce mana kwantena? Wane irin pailot ne a kwantena?"

"Jirgin hoton ba shi da inji, Rabi."

"To wa ya sani a Sabo? Ka bari dai, ga Baba."

Baba ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Bai tambayi launin jirgi ba, bai tambayi girman ofis ba.

"Shi makaniken da ya amsa gaisuwarka, a ina yake yarda ya hau jirgi?"

Ban taɓa tunanin wannan tambayar ba. Washegari na yi wa Jabu ita. Ya ce jirgin Rina ko jikarsa zai saka a ciki, na wancan wurin kuwa ko an biya shi ba zai hau ba. Ranar Litinin na mayar wa mai taye farar rigarsa. Wanda ya rungume ni mako guda da ya wuce, ko kallona bai yi ba.

Wahalar ta zo daga baya. Takardar izinin karatuna sunan makarantar farko take ɗauke da shi, sai an sake ta, kuma kafin ta fito ba ni da damar fara darasi a sama. Mako bakwai ta ci. Mako bakwai ina zaune a ƙasa ina kallon wasu na tashi, ina karatun iska da gajimare da taswira, ina wanke jirage don kada in haukace. Kewar gida ta kama ni sosai. Babu kiran salla, babu hayaƙin tsire da yamma, babu mai zagina da Yarabanci in rama da Hausa. Wani Basomale mai kanti ne ya nuna mini ɗakin da suke sallar Juma'a a bayan shagonsa. Matar Jabu kuma ta ba ni tsohuwar rigar sanyin ɗanta, ta riƙa aiko mini da tuwon masararsu, wanda in ka rufe ido ka daure za ka ce na gida ne, miyar ce kawai ba ta san barkono ba. Rabi na ta aiko mini da labari cewa a Sabo an fara cewa Kyaftin wankin jirgi ya je yi. Abin haushin, gaskiya suka faɗa.

Da takarda ta fito, Madam Rina ta kama ni ba sassauci. Tashi bai ba ni wuya ba, sauka ce ta so ta kashe ni. Sai in dire jirgi ya yi tsalle sau uku, ta ce ta ƙirga sauka uku, wacce zan so ta rubuta? Jarrabawar yanayin sama sai da na yi ta sau biyu. Amma babban abin kunyata a rediyo ya faru.

Filinmu ba shi da hasumiya, don haka bayan wasu makonni ta kai ni wani fili mafi girma kusa da mu, inda akwai mai ba jirage izini ta rediyo. Ta riga ta koya mini abin da zan faɗa: sunan jirgi, inda nake, abin da nake so, shi ke nan. Na haddace tsaf. Amma da na danna maɓalli na ji muryar babban mutum a ɗaya ɓangaren, sai bakina ya koma Sabo. Na ce masa barka da safiya ranka ya daɗe, da fatan an tashi lafiya, yaya aiki, yaya iyali, Allah ya taimaka. Ina shirin shiga maganar sanyi Madam Rina ta fizge yatsana daga maɓallin. Nan take muka ji wani matuƙi yana magana da sauri, ashe yana dab da sauka yana neman izini, ni kuma na toshe layin. Sai da ya fasa saukar ya sake zagayowa.

Ba ta yi mini tsawa a sama ba. Sai da muka sauka ta kashe inji.

"Muddin yatsanka na kan maɓallin nan, babu wanda zai iya magana. Kana tambayar iyalin mutum, wani yana sama da nasa iyalin a bayansa. Ka sake yi, ba zan bar ka ka tashi kai kaɗai ba."

Na ji kunya har cikin ƙashina, kuma na san tana da gaskiya. Ga lokaci na tafiya, Rabi ta ce an fara ganin sabon goro jefi-jefi. Amma duk sanda na danna maɓallin in faɗi buƙatata ga dattijo ba sallama, sai harshena ya sarƙe, in yi ta in'ina kamar na zagi ubana. Sau biyu ina ɓata kiran. Na zauna na yi tunani, sai dabara ta zo mini, kuma dabarar Baba ce. Na roƙi Madam Rina ta riƙa barin jirgi ɗaya a can, mu riƙa zuwa da wuri da mota duk ranar da za mu yi aiki a filin. Na tsaya a inda ma'aikata ke ajiye motoci har mai muryar ya iso, wani ƙaton Bature mai suna Pita, riƙe da kofin shayi. Na gabatar da kaina a matsayin wanda ya toshe masa layi, na ba shi haƙuri, sannan na sauke masa gaisuwar gaba ɗaya tun daga kwana har iyali. Ya yi dariya har shayinsa ya zube. Ya ce matarsa lafiya, gwiwarsa ce ke damunsa. Daga ranar, kullum sai na gaishe shi a ƙasa, na tambayi gwiwa. In na hau sama kuwa, tunda mun riga mun gaisa, sai maganata ta fita gajeriya ba gargada.

Wata safiyar Talata a filin su Pita muka yi zagaye uku, sauka uku lafiya. Sai Madam Rina ta ce in tsaya a gefe. Ta kwance bel ɗinta, ta buɗe ƙofa ta fita, ta leƙo ta ce zagaye ɗaya, kada in yi wa kowa gaisuwa. Ta rufe ƙofa ta tafi ba ta waiwayo ba. Na kalli kujerarta babu kowa, na yi bismilla, na nemi izini, na tura maƙurar inji. Jirgin ya tashi da wuri saboda ba nauyinta. Ina sama na hango gonaki da hanya da akori-kurar Jabu ƙarama a bakin shinge, ashe an gaya masa ya zo. Na yi kabbara da ƙarfi, na tabbatar yatsana ba ya kan maɓalli, na ƙara wata. Saukar kuwa ko tsalle ɗaya babu.

Da na fita daga titin jirgi na tsaya, layin ya yi shiru, babu jirgi ko ɗaya a sama. Sai na ji muryar Pita, da wata karyayyar Hausa da ya sa na koya masa a wurin ajiye motoci.

"Sanu da aki, Nasiru. Yaya iyali?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki a gaisuwa ba, na kasa cewa komai. Hawaye ne kawai ke zuba, ina dariya. Kafin in gama fitowa Jabu da Madam Rina sun juye mini bokitin ruwan sanyi a ka, wai al'adarsu ce ga wanda ya fara tashi shi kaɗai. Na ce musu mutanen da ke yi wa mutum wannan da sunan ƙauna lallai sai a ji tsoronsu.

Sauran makonnin sun wuce da gudu, tafiye-tafiye masu nisa da taswira a cinya, sannan jarrabawar ƙarshe da wani mai gwaji da bai yi murmushi ba sai da ya sa hannu. Na iso Sabo ana sauke huhunan sabon goro daga mota a ƙofar rumfarmu. Rabi ta fito da gudu tana ihu, unguwa ta taru, Iya mai amala na tambaya ina farar rigar. Na ratsa na durƙusa gaban Baba na miƙa masa lasisin. Na ce masa ƙarami ne, na tuƙa ƙaramin jirgi ne kawai, akwai sauran karatu a gaba. Ya juya shi gaba da baya, ya ajiye a kan cinyarsa.

"Wa ya sauke ka a can?"

Na ce Jabu da matarsa, da Rina, da Pita mai ciwon gwiwa, da Basomale mai kanti. Ya sa na maimaita, yana bina da sunayen ɗaya bayan ɗaya, yadda yake haddace sunayen masu masaukinsa na ƙauyukan goro. Ya ce to yanzu muna da gida a can, duk ɗan Sabon da zai tafi ya biyo ta nan a ba shi sunayen. Sannan ya ɗaga kai ya dubi masu sauke kaya da suka tsaya kallo.

"Kun tsaya haka nan? Ku kawo wa Kyaftin kujera."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya, sai Rabi da ta rufe fuska da mayafi tana kuka.